Amsa kan gilashin nan da ya tsage a kwalin FedEx

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri muryar nan za ta ɗan yi tsawo. Ɗan uwa da ka turo hoton gilashin nan duk ya tsattsage an ɗora shi kan kwali, kake tambaya wai ta yaya kayan da ya lalace a hanya zai zama aikin fasaha har a sa masa kuɗi, toh wallahi ni aikin nan yana taɓa ni sosai, bari in faɗa maka dalili.

Mai aikin sunansa Walead Beshty, an haife shi a Landan a 1976, a Los Angeles yake zaune, kuma tun 2007 yake wannan abu. Sai ya sa a haɗa masa akwatin gilashi daidai girman kwalin kamfanin aika kaya na FedEx cif-cif, babu soso babu tsumma babu komai da zai tare shi, a zura a manne a aika kamar kowane kaya. Gilashin irin na gaban mota ne, mai leda a tsakiya, yana tsagewa amma baya tarwatsewa. In ya isa wurin baje koli sai a zaro shi a ɗora kan kwalin da ya zo a ciki, sitika da takardar aike duk suna jiki, sunan aikin ma lambar bin sawun kaya ce da garin da ya taso da garin da ya sauka da kwanan wata, in aka sake tura shi wani gari sunan ya ƙara tsawo, tsaga ta ƙaru.

Toh wa ya zana tsagar nan? Ba shi bane fa. Mai lodi ne, direba ne, wanda ya jera kaya a cikin jirgi da tsakar dare ne. Mu da muke kai saƙo tasha muna roƙon yaron mota dan Allah a kula akwai abin fashewa, mun san hannu nawa kaya ke bi kafin ya isa. Amma je ka gidan ajiye kayan fasaha, za ka ga abu tsaf kamar daga sama ya faɗo, an ɓoye akwatin katako, an ɓoye inshora, an ɓoye mutanen da suka sha nauyinsa. Shi kuma ya bar sawunsu a fili kowa ya gani. Ko girman akwatin ba shi ya zaɓa ba, kamfani ne ya tsara awonsa, shi bi kawai ya yi.

Kuma rigimar masu sassaƙa da harkar fiton kaya ba yau ta fara ba. A 1926 kwastan ɗin Amurka suka ƙi yarda cewa tsuntsun tagulla na Brancusi, wani mai sassaƙa ɗan asalin Romania, sassaƙa ne, suka yanka masa haraji kamar kayan ƙarfe na masana'anta, sai da aka je kotu, a 1928 alƙali ya ba Brancusi gaskiya.

Kusa da mu ma akwai Ibrahim Mahama na Tamale a Ghana, wanda ke ɗinke tsofaffin buhunan koko da suka koma ɗaukar gawayi da hatsi, ya lulluɓe manyan bangaye da su a birnin Venice na Italiya a 2015, da tambarin 'yan kasuwa da faci da dauɗar hanya duk bai wanke ba. Dan Allah ka ƙara girman hoton nan da ka turo, ka duba kusurwar ƙasa, ka karanta sitikun da ke jikin kwalin ɗaya bayan ɗaya.