Kafin ka sayi sensar rada, ɗaga kai ka dubi fankar ɗakin

Ka ce mai gidan yana son fitilunsa su riƙa kunna kansu idan mutum ya shiga ɗaki, su mutu idan ya fita. Ka je kasuwa an nuna maka sensa iri uku, kowace an rubuta rada a kwalinta, farashi kuma ya sha bamban, shi ne kake tambaya wacce za ka ɗauka. To yaro, ajiye fulayar nan ka zauna, don amsar ba a jikin kwali take ba, a cikin ɗakin take.

Ka san irin wadda muka saba ɗaurawa a baranda, mai farar ƙwarya a fuska, wadda ake ce wa PIR. Ita ba ta aika komai, zafin jikin mutum take hange idan ya gilma ta gabanta. Muddin kana tafiya tana ganinka. Ka zauna ka buɗe littafi, ko ka shiga banɗaki ka natsu, sai ta ɗauka ka tafi, ta kashe maka fitila, ka koma kana kaɗa hannu a duhu. A nan wajenmu ma tana da wata matsalar: a watan Maris da Afrilu, idan zafin ɗaki ya kusanci digiri 37 na jikin mutum, bambancin da take dogaro da shi yakan ragu, ganinta ya yi rauni.

Rada kuwa aikawa take yi. Tana watsa igiyar rediyo, ta saurari abin da ya dawo, kamar yadda jemage yake gane hanya da dare. Igiyar gajera ce ƙwarai, shi ya sa ake kiranta igiyar milimita: a 24 GHz (GHz ma'aunin saurin kaɗawar igiyar ne) tsawonta wajen milimita 12 da rabi ne, a 60 GHz milimita 5. Saboda gajartar nan take iya jin ƙirjin mutum yana ɗagawa yana sauka da numfashi, ko da barci yake yi. Wannan shi ne abin da mai gida yake biya wa kuɗi. Ba ta da kyamara, ba ta ɗaukar hoton kowa, ka gaya masa haka tun da wuri, don shi ne abin da zai fara tambaya idan ka ce za ka sa a ɗakin iyali.

Sai dai abin da ya ba ta ƙarfi shi ne kuma ciwon kanta. Ba ta san mutum ba, motsi ta sani. Fankar silin tana juyawa, a wajenta mutum ne. Labulen da iskar taga take kaɗawa mutum ne. Haka leɓen na'urar sanyaya ɗaki mai hawa da sauka, haka kyanwa, haka rigar da aka rataye a gaban fankar tsaye. Madubi babba da ƙofar ƙarfe kuma sukan mayar da igiyar, sai ta ga mutum a inda babu shi. A nan wajenmu kuwa da wuya ka shiga falo ka rasa fanka. Don haka abin da za ka fara yi shi ne ka tsaya a tsakiyar kowane ɗaki ka tambayi kanka: idan kowa ya fita, me zai ci gaba da motsi a nan? Amsar ita za ta zaɓa maka sensa.

Yanzu ka juya kwalin ka nemi lambar GHz. Idan ka ga 5.8, igiyarta ta kai wajen santimita 5, ba ma ta milimita ba ce, sunan kawai take ara. Irin su Sonoff SNZB-06P da wasu masu araha da ke aiki da manhajar Tuya a nan suke. Suna aiki, amma sun fi ratsa ƙofar katako da falanki da gilashi, sai wanda yake wucewa a korido ya kunna fitilar ɗakin da ba kowa. A ƙaramin banɗaki mai ginin bulo ko sito, inda ba fanka, ba laifi. Ban da nan ba na sa ta.

Ta 24 GHz ita ce dokin aiki. Ka buɗe sensa da yawa za ka tarar da ɗan allon kamfanin Hi-Link na Shenzhen a ciki, musamman LD2410. Yana kaiwa wajen mita 6, kuma ya raba nisan gida-gida, kowane gida santimita 75. Kowane gida za ka iya saita masa ƙarfin ji daban, na mai motsi daban, na wanda yake zaune daban. LD2410B da LD2410C suna da Bluetooth, da wayarka za ka saita su kana tsaye. To ga inda yara suke faɗawa: nisa kawai yake aunawa, bai san dama ko hagu ba, bai san sama ko ƙasa ba. Idan labule yana mita 5 kujera tana mita 3, sai ka yanke nisan a wajen mita 4, magana ta ƙare. Amma idan fanka da kujera nisansu ɗaya daga sensa, ba yadda za ka toshe kunnenta ga fanka ba tare da ta daina jin mai kujerar ba. Maganin wannan ba a manhaja yake ba, sai ka sauya wurin ɗaurawa, ka sunkuyar da fuskarta ƙasa har fanka ta fita daga idonta. Akwai ɗan'uwansa LD2450 mai bin sawun mutum har uku yana nuna inda kowa yake, amma wajen riƙe wanda ya zauna shiru bai kai LD2410 ba. Kada sabuwar lamba ta ruɗe ka.

Ta 60 GHz ta fi tsada, ta fi kaifin gani, kuma ba ta cika tsallaka bango ba. Wadda aka fi sani ita ce Aqara FP2 da ta fito a 2023. Tana rufe ɗaki mai faɗin murabba'in mita 40, tana bin mutum har biyar, kuma za ka iya zana taswirar ɗakin a waya ka raba shi har shiyya 30: nan kujeru, nan teburin cin abinci, nan bakin ƙofa. Abin da ya fi burge ni shi ne za ka iya nuna mata wuri ka ce abin da ke motsi a nan ba mutum ba ne, ki ƙyale shi. A babban falo mai fanka biyu, kuɗinta halal ne. A banɗaki kuwa ɓarna ce, shiyya 30 za ka yi me da su a wurin da bai fi taku uku ba?

Sai maganar wuta, wadda mai shago ba zai tuna maka ba. PIR takan shekara a kan ƙaramin batir saboda jira kawai take yi. Rada kullum aikawa take, LD2410 kaɗai yana jan kusan 80 mA a kan volt 5, don haka yawancinsu sai da waya, galibi ta USB. Ma'ana kana buƙatar soket kusa da inda za ka ɗaura, kuma soket ɗin ya kasance a layin inbata. In ba haka ba duk ɗaukewar wuta sai ta mutu ta sake tashi, wasu kuma sukan ɗan rikice kafin su daidaita. Kada ka haɗa ta da cajar waya ta banza, wutar da ba ta tsaya ba tana sa ta ganin fatalwa.

Ka kuma tambayi yadda take magana da fitilar. FP2 da Wi-Fi na 2.4 GHz take aiki. SNZB-06P da Zigbee take aiki, wata hanyar sadarwa ce mara waya ta kayan gida, sai da uwar na'ura da za ta haɗa su. Wasu na Tuya umarninsu sai ya bi ta intanet ya dawo, ranar da data ta ƙare fitila ta yi kunnen ƙashi. Ni na fi son abin da zai yi aiki a cikin gida ko babu intanet, ko ta Zigbee, ko ta Home Assistant, manhajar sarrafa kayan gida, idan mai gidan yana da mai kula masa da shi. In ba shi da shi, kada ka ɗora masa abin da kullum sai an kira ka.

Idan ka samu wadda ta haɗa PIR da rada a jiki ɗaya, irin Everything Presence One, ka saita PIR ta kunna, rada ta riƙe. PIR ta fi saurin kama mai shigowa, kuma labule ba zai kunna fitila da tsakar dare ba. Amma ka lura, wannan bai hana fanka riƙe fitilar a kunne bayan an fita ba, wurin ɗaurawa dai shi ne.

Ga gidan nan, ni abin da zan yi: korido da baranda PIR ta ishe su, wucewa ake yi. Banɗakuna ta 24 GHz, ka yanke nisanta daidai bango. Falo FP2, a bango, tsayin mita 1.4 zuwa 1.8, tana fuskantar kujeru. Ɗakin kwana ka yi magana da matar gidan tukuna, don rada tana jin mai barci, in ka haɗa ta da fitila kai tsaye za a kwana da haske.

Idan ka ɗaura, kada ka kafa sukuru ranar farko, ka manna da tef. Kunna fanka a lamba mafi ƙarfi, buɗe taga, kowa ya fita, ka duba a waya ko ta ce ba kowa. Sannan ka shiga ka zauna minti goma ba motsi ka ga ko za ta riƙe ka. Lokacin jira kafin kashewa ka ba shi minti ɗaya ko biyu, kada ka bar shi a daƙiƙa biyar. Makunnin bango kuma ka bar shi yana aiki, akwai tsohuwa a gidan, ba za ta nemi manhaja ba.