Rigar ƙwallon da ka ga na ware daga dila

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na ware wannan tsohuwar rigar ƙwallo na sa a leda, alhali sababbi masu ƙyalli suna rataye a gaban rumfa. Zauna, ɗana, ka ji.

Da can a nan kasuwar Katangowa ta Legas, rigar ƙwallo in ta fito daga dilar gwanjo, kuɗin singileti ake ba mu. Yara ne ke tara hotunan 'yan wasa na kamfanin Panini suna musaya, kuma wasa ne kawai. Yanzu manya masu kuɗi sun shigo. A 2022 an yi gwanjon rigar da Maradona ya sa ranar da ya ci Ingila a 1986, ta tashi fam miliyan 7.1. A 2022 ɗin dai, katin ɗan wasan baseball na Amurka Mickey Mantle na 1952, ɗan kwali da bai kai tafin hannu ba, ya kai dala miliyan 12.6. Tamu ba ta kusa da nan, amma iskar ta kaɗo har Legas, shi ya sa kake ganin samarin nan suna zuwa da asuba suna ɗaukar hoto da waya.

To, inda kuɗi ya shiga, jabu na biye. Mai saye yanzu shaida yake nema kafin kyau. A waje har kamfanoni ne da su, irin PSA, masu duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10.

Mu idonmu ne ma'auninmu. Juya rigar ciki waje. Dubi ɗinkin wuya, dubi tambarin ƙirji, ka shafa lambar baya ka ji ko ta tsage da tsufa ko jiya aka manna ta. Sannan ka san tarihi: rigar Super Eagles ta gasar cin kofin duniya ta 1994, wadda Rashidi Yekini ya ci Bulgeriya da ita, Adidas ce. Ta gasar Olympics ta Atlanta 1996, ta su Kanu, Nike ce. Wanda ya kawo maka ta 94 da alamar Nike, ka sallame shi da mutunci.

Kada ka ɗora mata dutsen guga, kada ka wanke ta da bilic. In kuma sabon bugu ce aka kwaikwayi tsohuwa, ka faɗa wa mai saye kafin ya taya, ka sayar masa a kuɗinta. Ban yarda a yi rantsuwa kan riga a rumfata ba.