Shin an gwada allurar rigakafin maleriya kafin a fara yi wa yara?

Malama, kin tambaya ko da 'ya'yanmu ake gwajin allurar maleriya. A'a, an gama gwaji kafin ta iso. Amma tsoronki ba shirme ba ne, wanda ya san labarin Trovan, maganin da aka gwada a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996, dole ya yi tambaya.

Ana fara gwada rigakafi a kan manya 'yan kaɗan, sannan a faɗaɗa. Allurar maleriya iri biyu ce: RTS,S da R21. Gwajin RTS,S na zagaye na uku ya ɗauki yara kusan 15,000 a ƙasashen Afirka bakwai. A nan aka ga sanƙarau ya ɗan fi yawa cikin waɗanda aka yi wa allurar, kuma ba a rufe maganar ba. Shi ya sa daga 2019 aka bayar da ita a Ghana da Kenya da Malawi ana sa ido, har yara sama da miliyan biyu suka samu, ba a ga alaƙarta da sanƙarau ba.

Wadda aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024 ita ce R21. An gwada ta a kan yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta amince da ita a 2023.

Illar da aka fi gani ita ce zazzaɓi da kumburin wurin allura. Wani lokaci zafin jiki kan jawo jijjiga; idan kin ga haka, garzaya asibiti. Kuma kada ki naɗe gidan sauro, domin allurar rage kamuwa take yi, ba ta hanawa gaba ɗaya.