Fim ɗin da aka ɗauka a 1988 ba a wanke ba, ko hoto zai fito?

Tambaya: Assalamu alaikum. Marigayi mahaifina mai ɗaukar hoto ne a Argungu, da irin babbar kyamarar nan mai ƙafa uku wadda ake lulluɓa da baƙin ƙyalle. A akwatinsa na tarar da kwalin fim mai faɗin inci 4 da 5, ya rubuta a kai cewa an ɗauka a 1988 amma ba a wanke ba. Ko zan iya samun hotunan har in sa su a waya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Kafin komai, don Allah kada ka buɗe kwalin nan a cikin haske, ko da jan fitilar da ake wankin takardar hoto da ita ce, domin yawancin irin wannan fim yana ganin ja, kuma daƙiƙa guda ta isa ta shafe abin da ya jira shekaru fiye da 30.

Lokacin da aka ɗauki hoto, haske yana barin wata ɓoyayyiyar alama a jikin ƙwayoyin gishirin azurfa da ke fuskar fim, kuma alamar tana iya daɗewa ƙwarai. A 1930 an tsinci fim ɗin tawagar Andrée, mutanen Suwidin da suka ɓace a yankin ƙanƙara na arewacin duniya a 1897, aka wanke shi bayan shekara 33, hotuna 93 suka fito. Sai dai sanyi ne ya tsare wancan, naka kuwa ya sha bazarar Kebbi da zafinta ke haura digiri 40, ya kuma sha danshin damina. Zafi yana sa ƙwayoyin da haske bai taɓa ba su ma su yi baƙi wajen wanki, sai hoton ya fito kamar an ɗauke shi cikin hazon hunturu.

Ka nemi tsohon mai wankin hoto wanda ya san aikin ɗakin duhu. A kusurwar kowane falle akwai 'yan tsaga-tsaga da ake shafawa da yatsa a cikin duhu, su ne ke nuna irin fim ɗin. Idan baƙi da fari ne, ina da kyakkyawan zato. Mai launi ya fi saurin lalacewa, shi ya sa wasu ke wanke shi da sinadarin baƙi da fari don a tsira da surar. A fara da falle ɗaya tak, a ruwan da bai wuce digiri 20 ba, da sinadarin Kodak HC-110 wanda aka san shi da rage hazo, sannan a daidaita lokacin sauran da abin da wannan ya nuna. Ban yarda a zuba su gaba ɗaya ba.

Kafin nan ka ajiye kwalin a ƙuryar ɗaki mai sanyi, busasshe. Firjin da wutarsa ke zuwa tana ɗaukewa zai jawo masa gumi ne kawai.

Batun waya kuwa mai sauƙi ne. Bayan fim ya bushe, ka ɗora shi a kan farin haske da ke fitowa daga baya, ka ɗauka da waya daga sama ba tare da filasha ba, sannan ka juya baƙi ya koma fari a manhajar Snapseed, ka ƙara masa kaifi. Faɗin fim ɗin zai taimake ka, domin ko da hazo a kai, fuskokin mutane sukan fito har a gane su.