Amsar Anti ga Maman Abba kan sa roba a nono

Salamu alaikum 'yan gida, barkanmu da dare. Maman Abba, na ji muryarki tun la'asar, aiki ne ya riƙe ni. Kika ce wai aikin nan na sa roba a nono, da gaske yana maido shi yadda yake da? Ai na gane inda kika dosa. Kin yaye na huɗu, nono ya zube, wannan ce damuwar. Ba girma kike nema ba.

To ki ji da kyau. Roba cikawa take yi, ba ta ɗagawa. In nono ya kwanta sosai aka cusa mai roba kawai, nauyi aka ƙara mai. Ɗagawa aiki ne daban, sai an rage fatar da ta saki, a matsar da kan nonon sama, kuma tabo yana nan har abada.

Ita robar jaka ce ta silikon, cikinta ko silikon mai kauri ko ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa. Za a sa ki barci, a tsaga ƙarƙashin nono, ko gefen baƙin kan nono, ko hammata, a tura ta bayan naman nono ko bayan tsokar ƙirji. Tun 1962 ake yi, a Amurka aka fara. Mu ne dai sai yanzu muke gani a TikTok.

Abin da masu talla ba su faɗi, ba aikin sau ɗaya ba ne. Jiki yana yi wa robar wani rufi, wani lokaci rufin ya matse, nono ya yi tauri kamar goruba, ga ciwo, dole a koma tiyata. Tana kuma fashewa. Ta ruwan gishiri kina gani nono ya sace. Ta silikon shiru take yi, shi ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta ce a yi hoton cikin nono, eko ko MRI, bayan shekara 5 zuwa 6, daga nan duk shekara 2 ko 3. To an yi miki a Tunisiya ko Turkiyya, kin dawo Maradi, abu ya tashi da tsakar dare, wa za ki kira? Ko a Faransa, a 2010 an kama kamfanin PIP mai yin robar nono yana zuba silikon na masana'anta, har mai kamfanin aka yanke mai shekara 4. Faransa fa!

Kuma ke ba ki rufe haihuwa ba. Mata da yawa suna shayarwa da roba a jiki, amma in an tsaga kusa da kan nono ana iya taɓa hanyoyin ruwa. Ciki na gaba kuma zai sake... a'a, bari wannan, ba shi ne ya fi ci mini rai ba.

Masu kayan mata ɗin nan. Wallahi tun bara abin yake raina. Wata ɗiya ta zo mana, ko ashirin ba ta kai ba, wata mai talla ta yi mata allura a nono cikin ɗaki, ba a ma san mi aka zuba ba. Nono ya kumbura yana sheƙi, zazzaɓi, muka tsaga, mugunya ta cika kwano. Uwar tana kuka tana roƙon kar mijin ya ji. Ita kuwa mai allurar? Har yau tana sa hotuna a status, tana amsar jikka-jikka, an ma kira ta biki tana raba kati. Na yi magana aka ce hassada nake. Ni! Ga su sha-ka-fashe, maganin ƙiba, da suke haɗawa da shi, fuska ta kumbura, sukari ya hau, a ce wai mulmulewa ce.

Hulba kam ki sha a kununki, abinci ce, amma ba ta ɗaga komi, man shafawa ma haka. Ki fara neman rigar nono daidai ke, mai faɗin igiya, ba wadda ake ɗauka a faifai ba gwaji ba. In har yanzu ranki na kan aikin, ki zo gida ranar Asabar in duba ki, a gurup ba a faɗin komi da komi.