Fasfonka da albashinka duk a ɗakin Madam? Amsa ga ɗan Tawa da ke Abijan

Wani ƙanena ɗan Tawa ya aiko mini saƙon murya daga Abijan, ya roƙi in sakaya sunansa. Shekararsa uku yana aiki a wani tanƙamemen gida a unguwar Riviera. Da gadi ya fara, yanzu an shigar da shi ciki: shara, guga, wanke motoci huɗu, kai abinci tebur. Albashinsa jikka 60, amma jikka 20 ke shiga hannunsa, saura Madam na ajiye masa sai ranar komawa gida. Fasfonsa ma yana wurinta. Yana son zuwa ganin tsohuwa kafin damina, yana tsoron a sa wani a gurbinsa. Ga shi kuma Madam ta ce ya taho mata da ƙanwarsa mai shekara 14 don renon jikoki. Ya rufe da cewa: "Wallahi Yaya, mutanen kirki ne, ba su taɓa zagina ba."

Ƙanena, na yarda da kirkinsu. Zo mu yi lissafi tukuna. Jikka 40 sau wata 36, miliyan ɗaya ke nan da jikka 440. Kuɗin da zai tada ɗaki biyu na bulo a gida, ko ya yi maka aure har da canji. Wace takarda ke nuna kana bin su wannan kuɗi? In gobe Allah ya yi wa Madam rasuwa, ko maigida ya sayar da gidan ya koma Faransa, 'ya'yansu za su tambaye ka shaida, kai kuma ba ka da ita sai rantsuwa. Ka samu lokacin da take cikin walwala, ka durƙusa ka ce tsohuwa ta matsa a fara gini, kana son abin da aka tara. In ta ce ba zai samu gaba ɗaya ba, a rubuta adadin, ta sa hannu, a biya ka kashi-kashi. Duk abin da ya shigo ka tura gida ta kamfanin aika kuɗi irin Nita ko Al Izza, ka adana rasit. Daga wannan wata kuma albashi cikakke a hannunka.

Albashin ma ya gaza. Tun watan Janairun 2023 mafi ƙarancin albashi a Kwaddibuwa jikka 75 ne. Na san a ido na gida jikka 60 kuɗi ne, tunda namu na Nijar jikka 42 ne, amma a can kake zufa, dokar can ke kanka. Wajibi ne kuma mai gida ya yi wa ɗan aikinsa rajista a asusun CNPS, wanda ke ɗaukar nauyi in ka ji rauni a bakin aiki, ya kuma biya fansho ga wanda ya cika shekara 15 yana zubi. Yawancinmu ba ma tambaya, kunya ta hana, sai mutum ya faɗo daga tsani yana goge gilashin bene a sallame shi da kuɗin mota.

Fasfo kuwa, yau ka karɓe shi, kar ka jira gobe. Tun 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Ƙungiyar ta ce za a ci gaba da amsar takardunmu da barinmu zirga-zirga har sai an sake sanarwa, to amma abin da aka ce "har sai an sake sanarwa" ba a kwana a kansa da ido biyu rufe. Ka duba ranar da fasfon zai mutu, ka je ofishin jakadancinmu na Abijan ka yi katin kwansila, wato katin shaidar ɗan Nijar mazaunin waje, in ba ka da shi, ka ɗauki hoton kowace takarda a wayarka, ka tura wa wani ɗan'uwa a Adjame ya ajiye. Dalilin da za ka gaya wa Madam gaskiya ne: ɗan sanda a hanya kai zai tambaya.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma shi ya fi kai 'yan aikin manyan gidaje ƙasa. Lokacin da kake bakin get, laifinka bai wuce gyangyaɗi ba. Yanzu kana shiga ɗakin da agogo guda a kan durowa ya fi albashinka na shekara biyar. Ranar da ya ɓace, ba za a fara tuhumar ɗan gida da abokansa ba, ɗakinka na bayan kicin za a fara zazzagewa, kuma baƙon da ba ya riƙe da takarda ba shi da baki a kwamisariya. Kar ka karɓi makullin ɗakin barci. In za ka gyara shi, ƙofa a buɗe, Madam ko kuku na kusa. Kuɗin da ka tsinta a aljihun wando wajen guga, ko dala biyar ce, ka miƙa a gaban mutum. In an yi maka kyautar tsohuwar waya ko takalmi, ka yi godiya da ƙarfi yadda direba zai ji. Hoton falo da motoci kuwa, kar ya hau Facebook ko TikTok ɗinka don burge 'yan gari. Abin da ake faɗa a tebur ma ya tsaya a tebur.

Tafiya gida haƙƙinka ce. Doka ta ba ka hutun shekara mai albashi, kusan wata guda, kai ga shekara uku ba ka taɓa shi ba. Ka faɗi ranar tafiya da ranar dawowa, ka kawo wanda ka amince da shi ya riƙe maka wurin, shi ma ku yi magana a gaban dattijon garinku cewa riƙo ne.

Ƙanwarka kuwa, bar ta a lakwal. Dokar aiki ta can ba ta yarda a ɗauki wanda bai kai shekara 16 ba, kuma yarinyar da ba ta jin Faransanci, tana kwana cikin gida mai maza da yawa, kai kana can waje kana wankin mota, ba ka da idon da za ka sa mata. Ka ce wa Madam tsohuwa ta ƙi. In ka je Tawa ka gaya wa tsohuwar dalili tun kafin wani ya rigaye ka da labarin jikka 30 a wata.