Wace Manhajar Lissafi Ce Ta Dace Da Shagon Sari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne nake riƙe wa maigidana lissafi a shagonsa na sarin kayan masarufi a Kasuwar Singa da ke Kano. Muna da shago ɗaya da sito biyu, kuma yawancin masu saro kaya a wurinmu bashi suke ɗauka, sai sun sayar su kawo kuɗi. Har yanzu da littafi da Excel nake aiki. Alhaji ya ce in nemo manhajar lissafi. Wasu sun ce QuickBooks, wasu sun ce Peachtree, wani kuma ya ce zai ɗora mana duk wadda muke so a kwamfuta kan kuɗi kaɗan. Wacce zan ɗauka, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa kasuwa albarka.

Bari in fara da mai cewa zai ɗora maka kan kuɗi kaɗan. Kwafin sata zai sa maka, wanda aka fasa makullinsa. Ka ba shi haƙuri. Ban da haƙƙin masu abin, ranar da fayil ya lalace ko kwamfutar ta ƙi tashi ba ka da wanda za ka kai wa kuka, alhali sunayen duk masu bashin Alhaji suna ciki.

Peachtree da kake ji tsohon suna ne, yanzu Sage 50 ake kiranta, kuma tana zaune ne a cikin kwamfutarka, ko babu intanet za ta yi aiki. QuickBooks ta kamfanin Intuit na Amurka ce. Kamfanin ya karkata ga ta intanet, wadda ake biya duk wata, kuma kowa ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Duk abin da farashinsa ke bin dala, ka lissafa kuɗin shekara guda ka nuna wa Alhaji tun kafin a fara. Akwai TallyPrime da Zoho Books, dukkansu daga Indiya, akwai Xero daga Niyu Zilan, sannan akwai Manager da GnuCash waɗanda ake saukewa kyauta ta halal.

Ga shago irin naku, ni Tally (wato TallyPrime) ko Sage 50 zan fara dubawa, kuma dalilina kaya ne. Kai ba ofishin lauya kake yi wa lissafi ba, inda rasit ne kawai ke shiga ya fita. Dukiyar Alhaji tana jibge a sito, ragowar kuma tana hannun mutane. Don haka kada ka yarda da abin da dillalin manhaja zai nuna maka da misalansa. Ɗauki littafin cinikin jiya ka ce a shigar da shi a gabanka. An sayo taliya katan ɗari, an sayar da wasu a katan, an fasa wani an sayar da ɗai-ɗai: shin manhajar ta san cewa katan da ƙwaya abu ɗaya ne, ta rage daidai? Tally ta ƙware a wannan. An kwashe buhu hamsin daga babban sito zuwa shago: za ta nuna abin da ya rage a kowane wuri, ko dunƙule su za ta yi? Wani ya ɗauki kayan naira miliyan biyu, ya turo rabi ta banki, ya aiko yaro da wani abu a hannu, ya kuma dawo da katan uku da suka jiƙe: za ta fitar maka da takarda ɗaya mai nuna ragowar bashinsa da kwanakin da ya yi? Wadda ta yi tuntuɓe a nan, komai sunanta, ba taku ba ce.

Akwai wani saiti da mutane ke dannawa su wuce, alhali shi ke yanke yawan ribar da za ka gaya wa maigida. A ce ka sayi buhun sukari goma a kan 70,000, bayan mako biyu ka ƙaro goma a kan 80,000, sai ka sayar da goma a kan 85,000. Idan manhajar ta ɗauka na farkon shigowa ne ya fara fita, ribarka 150,000 ce. Idan ta raba tsakani ta ce kowane buhu 75,000 ya tsaya, ribar 100,000 ce. Duka hanyoyin biyu ƙa'idar akanta ta yarda da su, amma sai ka zaɓi ɗaya ka zauna a kanta, ka kuma fahimtar da Alhaji. A lokacin da farashi ke hawa, wanda ya ga 150,000 ya ɗauka duk tasa ce ya kashe, zai je sari ya tarar jarin ya kasa.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne amana, kuma kariya ce gare ka kafin kowa. Kowane mai taɓa kwamfutar ya samu sunansa da lambar sirrinsa. Yaron da ke rubuta rasit kada ya iya gogewa ko sauya farashi. Manhajar ta riƙa ajiye tarihin wanda ya gyara abu da lokacin da ya gyara, kuma idan ka rufe lissafin wata ka kulle shi. Excel ba ta tsare wannan yadda ya kamata, shi ya sa idan shago ya girma take zama hanyar zargi tsakanin mutanen da suka yi shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya. Shi ma Alhaji, Allah ya ƙara masa buɗi, ka buɗe masa asusu na musamman a cikin manhajar. Duk abin da ya zara daga aljihun tebur na cefane, kuɗin makarantar yara ko gudummawar biki, a rubuta shi a nan, kada a cusa shi cikin kuɗin da aka kashe wa shago. Ka faɗa masa cikin ladabi tun ranar farko. Idan ƙarshen shekara ta zo zai fitar da zakka, shi zai fi kowa jin daɗin samun adadin kaya da kuɗi da bashin da ake sa ran biya a takarda ɗaya.

Ta ina za ka fara? Ka tsayar da rana, farkon wata ya fi. Kafin ranar a rufe sito a ƙirga komai da hannu, a ware wanda ya lalace ko wa'adinsa ya wuce. A kira kowane mai bashi a ji ta bakinsa ko adadin da ke littafi ya yi daidai da nasa. A karɓo bayanan asusu daga banki, har da na na'urar POS. Waɗannan alkaluman ne za ka fara zubawa, kuma idan suka shiga a karkace, duk rahoton da zai fito shekara da shekaru a karkace zai fito. Wata na farko kada ka jefar da littafi, ka tafi da su tare kana gwadawa. Bayan nan, duk mako ka zauna ka daidaita abin da manhaja ta ce da abin da banki ya nuna, layi bayan layi. A nan ake kama alat na bogi da kuɗin da banki ya cire ba a rubuta ba.

Batun haraji kuwa, VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka sayar, a Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne tun Fabrairun 2020, kuma wanda doka ta hau kansa yana miƙa bayanansa zuwa ranar 21 ga watan da ke biye. Wasu kayan abinci na yau da kullum ba a ɗora musu shi, don haka a saita kowane kaya da matsayinsa tun wajen shigar da sunansa. Dokokin haraji sun sauya daga Janairun 2026, saboda haka ka sa ƙwararren akanta ya duba maka saitin sau ɗaya. Idan shagon kamfani ne mai rajista, dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a adana bayanan lissafi shekara shida.

Shekara shida ta fi ƙarfin kwamfuta ɗaya a kasuwar da ke fama da ƙura, ɗaukewar wuta da gobara. Kullum da yamma ka kwafe bayanan a filas ka tafi da shi gida, wani kwafin kuma ka tura ma'ajiyar intanet. Lokaci-lokaci ka buɗe kwafin a wata kwamfutar ka tabbatar yana tashi. Kuma kafin a biya ko sisi, ka sa dillalin ya fitar maka da jerin kaya da na masu bashi zuwa Excel a gabanka, domin duk ranar da kuka so sauya manhaja ku iya tafiya da bayananku.